Ƙasan Akurki: Yashi, Ƙaiƙayi ko Toka?

 

Masu martaba shugabanninmu na gargajiya, malamai, ma'aikatan kiwo, iyayenmu mata da kuka fi kowa yawa a wannan zama, da 'yan'uwa matasa, barkanmu da war haka.  

Batun da aka ɗora mini ƙarami ne a ido: abin da za a zuba a ƙasan wurin da aka killace kaji a bayan gida. Na san akwai dattijon da yake cewa a ransa, yanzu har kaza ma sai an yi mata shimfiɗa? Yana da hujjarsa. A yadda muka taso, kaza sakakkiya ce. Gari na wayewa ta fita, ta yi tono a gindin rumbu, ta leƙa wurin sussuka, ta bi turken awaki, da almuru ta dawo akurki. Kashinta ya watsu a faɗin unguwa, rana ta busar da shi, iska ta kwashe. Wanda yake kiwo haka ba shi da matsalar shimfiɗa.

Amma yau gidaje da yawa sun fara killacewa. Wata don kada kajinta su tone shukar maƙwabci a jawo rigima, wata don shirwa ta ƙarar mata da 'yan tsaki, wata kuma ta samu zakara mai tsada daga Maraɗi ba ta son ya shiga gari. Daga ranar da aka ja darni aka rufe ƙofa, duk kashin da yake watsuwa a unguwa ya koma taruwa a wuri mai taku biyar. Kaza ba ta fitsari daban, komai tare yake fita, kuma in aka raba kashinta huɗu, kusan uku ruwa ne. Ke nan mai killace kaji kullum ruwa ake zuba masa a ƙasan wurin, ko da sama ba ta zubo da ɗigo ba. Aikin shimfiɗa shi ne ta shanye wannan ruwa, ta sake shi ga iska da wuri, kuma ta yi sauƙin kwashewa. Duk abin da zan faɗa a yau a kan wannan ma'auni yake: wurin ya bushe.

Akwai ma'auni na biyu, wanda ba za ku same shi a takardun da ake rubutawa don manyan gidajen kaji na Yamai ko Kano ba. Mu a Azagor muna bakin iyakar noma da kiwo ne. Tun a 1961 gwamnatin Nijar ta yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, kuma a ƙasar Dakoro kwarin Tarka ne kowa ya sani a matsayin wannan iyaka. Ruwan da muke samu a yawancin shekaru tsakanin milimita 300 ne zuwa 400, shi ma cikin wata uku. A irin wannan ƙasa babu haki na banza. Karan hatsi abinci ne, harawa kuɗi ce, dusa kuwa ba a maganarta. Waɗanda suka ga wahalar 2005 da 2010 sun tuna yadda aka riƙa zare ciyawar rufin ɗaki ana ba shanu. Don haka duk wanda ya zo ya ce ku shimfiɗa wa kaji busasshiyar ciyawa ko harawa, ku yi masa godiya, ku bar maganarsa a nan. Abin da tunkiya za ta ci a watan Mayu ba a zuba shi ƙarƙashin kaza a watan Disamba.

Kafin a zuba komai, a duba ƙasar kanta. Yawancin wuraren kajin da suke lalacewa, tun daga zaɓen wuri aka ɓata su. Ana kai su lungun da ba a so, kusa da makewayi, ko inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa, ko cikin ramin da aka haƙi ƙasar gini. Da rani ba a ganin aibin. Ruwan farko na Yuli ne yake tona asiri, a wayi gari kaji na tsaye cikin caɓi. A zaɓi tudu. In babu tudu a yi shi: a tara ƙasa ta ɗara ta tsakar gida da kamar taƙi ɗaya, a ɗan karkata ta zuwa waje, a ja 'yar magudana a bayan darni. A cikin ɗakin kwanansu kuwa a yi daɓe da laka, a buga shi sosai yadda iyayenmu mata suke daɓe ɗakin amarya, a shafe tsagogin bango. Daɓe ana share shi tas. Ƙasa mai laushi kuwa tana haɗiye ƙazanta ta ajiye.

Sai abin zubawa. A filin da kaji suke wuni, hukuncina a fili yake: yashi. Allah Ya hore mana shi, ba a saye, amalanke ɗaya ta isa gida guda. Ruwa yana ratsa shi ya wuce, kashi yana bushewa a samansa ya dunƙule, ba ya ruɓa, ba ya fumfuna, akuya ba ta ci, gara ba ta ci, wuta ba ta kama shi. Kunama da kububuwa kuma ba su samun wurin ɓuya a cikinsa yadda suke samu a tarin ciyawa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yarinyar da ake aika ta ɗauko ƙwai da magariba. Kaza ma tana tsintar ƙananan tsakuwoyi a ciki, waɗanda ƙundunta yake niƙa hatsi da su, tunda ba ta da haƙori.

Sai dai yashi iri-iri ne. Rairayin da iska take tarawa a jikin darni ya cika laushi, ƙura ce zalla, kuma da ya jiƙe sai ya daskare. A nemi mai ɗan kauri, irin na bakin ƙorama bayan ruwa ya wuce, wanda in ka murza shi a tafin hannu za ka ji ƙwayoyinsa. Kada a ɗebo daga bola, ko daga inda aka yar da mushen kaji, ko daga gidan da aka yi asara kwanan nan. A baza shi a rana kwana biyu kafin a shigar. Kaurinsa a ƙasa ya kai faɗin yatsu huɗu, wato kamar santimita 7 zuwa 10. Kowace safiya a bi sama da tsintsiya a tattara kashi. Mai ƙwazo za ta iya huda tsohon kwano da ƙusa ta mai da shi rariya, ta riƙa tankaɗe yashin sau ɗaya a mako, dunƙulen kashi ya tsaya a kwano, yashi ya koma ƙasa.

Ba zan sayar muku da yashi in ɓoye aibinsa ba. Aibi biyu gare shi, kuma dukansu suna kisa.

Na farko zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da iska take wuce digiri 40, saman yashin da rana take duka yana iya haura 60. Kowa a nan ya taɓa gudu a kansa ba takalmi. Zafin jikin kaza dama wajen digiri 41 ne, kuma ba ta gumi. Abin da take iyawa shi ne ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta tona rami a inuwa ta manna cikinta da ƙasa mai sanyi. Sakakkiyar kaza ta san gindin aduwar da za ta je. Wadda aka killace ba ta da zaɓi. Don haka yashi ba rumfa azaba ce. Aƙalla rabin filin ya kasance ƙarƙashin inuwa, ko ta bedi, ko rumfar zana. Rumfar kwano mara tsawo tanda ce, gara babu ita. Da tsakar rana a bazara ana iya yayyafa ruwa kaɗan a kusurwar inuwa don ƙasa ta yi sanyi, yayyafi kawai, wanda zai bushe kafin la'asar.

Na biyu ƙuma. Ku ɗauki ɗan tsako wanda ya rame ba dalili, ku duba gefen idonsa da ƙarƙashin bakinsa. Sau da yawa za ku ga baƙaƙen ɗigo a jere, manne da fata, kamar an barbaɗa masa masoro. Ku taɓa da farce, ba su tashi. Wannan ƙuma ce da take kafa baki ta zauna tana shan jini, har idon ya kumbura ya rufe, tsakon ya kasa ganin abinci. Ƙwanta ƙasa yake faɗawa, 'ya'yanta kuma a cikin ƙasa mai yashi da ta gauraya da kashi suke girma, cikin kamar wata guda su taso su hau wata kazar. Shi ya sa shafa man shanu ko man gyaɗa a fuskar tsako yake kashe na jikinsa, amma bayan 'yan kwanaki a ga wasu. Gidansu yana ƙarƙashin ƙafarsa. Maganin shi ne kada yashi ya tsufa. Sau biyu a shekara, kafin saukar damina da bayan an gama girbi, a kankare shi gaba ɗaya a fitar, a bar ƙasa ta sha rana, a zubo sabo. In an ga ƙuma kuma ba a jiran lokaci.

A nan zan ɗan ratse. Na san abin da ake yi in ƙuma ko kaskar kaji ta addabi gida: a ɗauko piya-piya ko ragowar maganin feshin wake a watsa a akurki. Ku daina, don Allah. Kaza tono take yi, abin da aka zuba a ƙasa cikinta yake shiga, daga nan ya shiga ƙwai da nama, yaranmu su ci. Ita kaskar ma ba a ƙasa take kwana ba. A tsagar bango da ɓawon itacen da suke hawa take ɓuya da rana, ta fito da dare ta sha jini ta koma, kuma tana iya daɗewa ƙwarai ba ta ci ba tana jira. Yaɓe da farar ƙasa da sauya itace sun fi feshi aiki. In abu ya gagara, Dakoro na cikin wuraren farko a Nijar da aka kafa aikin likitan dabbobi mai zaman kansa na kusa da makiyaya, tun 2003, da haɗin gwiwar ƙungiyar Karkara da ƙungiyar likitocin dabbobi ta Beljiyam. A tambayi mataimakin likita, ya ba da maganin da aka yi don kaji.

Mu shiga ɗakin kwana. A nan yashi kaɗai bai isa ba, musamman da hunturu. Yashin da yake ƙuna da rana shi ne yake yin sanyi ƙarara da asuba a watan Janairu, kuma ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa a makonnin farko. 'Ya'yan zabi sun fi shi rauni, sanyi da raɓa suna kwashe su a dare ɗaya. A nan ƙaiƙayi yake da rana. Bayan sussuka da sheƙa ana barinsa tuli a bayan gari. Yana da sauƙi, yana riƙe ɗumi, yana shan ruwa, kaza kuma tana jin daɗin tona shi don tana tsintar ragowar tsaba. A zuba kaurin yatsu uku a kan daɓe, a ƙara da soshiya da aka farfasa don iska ta riƙa shiga. A wurin kwanci ma shi ne ya dace. Na san a shekarar fari shi ma bisashe suna ci, amma abin da ɗakin kaji goma yake buƙata bai wuce buhu ɗaya ko biyu ba, kuma daga baya gona zai koma.

Sharaɗinsa ɗaya ne: kada ya ga ruwa. Ƙaiƙayin da aka zuba a fili da damina, cikin kwana uku ya zama abin ƙyama. Ku je gindin kaskon ruwan kaji ku ɗaga shi ku gani. Saman a bushe, ƙasan baƙi, da ɗumi, da wari mai hawa kai, wani lokaci har da tsutsa. A wannan da'irar da ba ta fi faifai girma ba cutar kashin jini take ƙyanƙyasa. Ƙwayar cutar tana fita cikin kashi, amma ba ta iya kama wata kazar sai ta samu laima da ɗumi na kwana ɗaya ko biyu. In ta faɗa a busasshen wuri da rana, da yawa mutuwa take yi. In ta faɗa gindin kasko, ta samu gida. Tsako ya tsattsaga a wurin, bayan 'yan kwanaki a gan shi ya takure, fukafukai a ƙasa, kashi da jini. Don haka kaskon ruwa a waje yake zama, a kan bulo ko tsakuwa, kuma a riƙa sauya masa wuri.

Warin nan da na ambata ma ba wari ba ne kawai. Iska ce da masana suke kira amoniya, tana tashi daga jiƙaƙƙen kashi, tana ƙona ido da hanyar numfashi, ta buɗe wa mura ƙofa. Mu muna tsaye, kaza kuwa hancinta yana dab da ƙasa dare guda cur. Gwajin ba wuya: da sassafe a buɗe akurki a sunkuya a sa kai daidai tsayin kaza. In ido ya yi yaji, an makara da shara. Gwaji na biyu na hannu ne. A damƙi shimfiɗar a matse a buɗe. In ta warwatse, lafiya. In ta tsaya curi, ta jiƙe, a kwashe.

Wasu suna kawo ɓawon gyaɗa daga kudu, wajen Madarunfa da Agye. Yana aiki in busasshe ne kuma sabo, amma ina tsoronsa. Gyaɗa da ɓawonta suna saurin fumfuna, ƙurar fumfunar kuma tana shiga huhun 'yan tsaki, a gan su suna miƙa wuya suna neman iska, babu maganin da yake tashinsu. A 1960 a Ingila talotalo wajen 100,000 suka mutu a 'yan watanni, da aka bi diddigi aka tarar garin ƙuli-ƙulin gyaɗa ne da aka shigo da shi daga Barazil, wanda fumfuna ta zuba wa guba. Daga nan duniya ta san gubar da ake kira afalatoksin. Can a abinci ne, amma kaza ba ta rarrabe shimfiɗa da abinci, duk abin da ke ƙasa sai ta ɗanɗana. Ɓawon da ya taɓa jiƙa, ko yake warin gumi, a kai shi murhu.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Ɓarzar katako da manyan gidajen kaji suke amfani da ita tana da kyau, amma Maraɗi ta fi kilomita 100 daga nan, kuɗin mota kaɗai ya cinye ribar ƙwai. Garin katako mai laushi kuwa 'yan tsaki suna cinsa ya toshe su. Ɓuntun shinkafa ba mu da shi. Siminti yana da tsada, yana zafi, yana hana tono, yana fasa tafin ƙafa. Tsakuwa zalla kashi yana shigewa tsakaninta, ba ta sharuwa. Leda da tsofaffin buhuna suna riƙe ruwa, kaji su yayyage su haɗiye.

Toka ce nake son mu tsaya a kanta, don a nan zan saɓa da iyayena mata. Kusan kowane gida ana watsa toka a akurki, kuma akwai hikima a ciki: toka busasshiya tana damun ƙwarƙwata da sauran ƙwari. Amma in aka zuba ta a kan ɗanyen kashi, ita ce take tayar da amoniyar nan da sauri. Wari ya ƙaru, ƙarfin takin kuma ya tafi cikin iska. In ta jiƙe kuma tana cin fata, duk wadda ta taɓa tace ruwan toka ta sani. Wurin toka daban ne. A samu kusurwa ƙarƙashin rumfa, a haƙa ɗan rami ko a ajiye fasasshiyar tukunya mai faɗi, a gauraya yashi tiya uku da toka tiya ɗaya. Ku tsaya ku kalli abin da zai biyo baya. Kaza za ta shiga ta kwanta a gefe guda, ta riƙa watsa ƙurar cikin gashinta da ƙafa da fiffike, ta lumshe ido, ta tashi ta girgije. Wankanta ke nan, kuma shi ne sabulunta. Tokar itace ko ta kara kawai, ban da wadda aka ƙona leda ko batir a cikinta.

Kada wani ya tashi daga nan da tunanin cewa shimfiɗa mai kyau ta isa ta tare annoba. Cutar da take share kaji da hunturu, wadda likitoci suke kira Newcastle da sunan garin Ingila da aka gan ta a 1926, allura ce take tare ta, ba yashi ba. Murar tsuntsaye ma da ta ɓulla a Magarya a 2006 ba ta tambayi irin shimfiɗar kowa ba. Amma cututtukan biyu suna tafiya cikin kashi, a tafin takalmi, a kejin dillali. Kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin na gida. In an yi mutuwa, a binne mushe da zurfi, a kwashe ƙaiƙayin a ƙona, a kankare yashin a binne nesa da gida, a bar wurin ya sha rana makonni kafin a sa wasu. Wannan yashin ba ya zuwa gona, ba a kuma ba maƙwabciya. In mutuwar ta yi yawa a kwana ɗaya ko biyu, a sanar da ma'aikatan kiwo kafin a taɓa komai.

A lokacin lafiya kuwa, abin da aka share dukiya ce. Kashin kaji ya fi na shanu ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa ɗanyensa yake ƙona shuka. A haƙa rami a bayan gida, a riƙa zuba sharar kowace safiya da tsohon ƙaiƙayi, a yayyafa ruwa, a rufe da ƙasa, a juya lokaci lokaci. Abin da aka tara tun kaka, kafin shuka ya nuna, ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Ba zai isa gona duka ba, kuma ba a watsa shi. Cikin hannu ɗaya a gindin kowace shuka, a gonar kusa da gida ko a fegin kuɓewa da yakuwa. Ƙasarmu jigawa ce da ta gaji, za ta nuna muku bambanci a shekarar farko. Akwai kuma wata riba da ba a ƙirgawa: kashin da ya shiga rami bai shiga bakin yaro mai rarrafe ba, kuma kashin kaji yana cikin abubuwan da suke kawo wa yara gudawa.

Abu na ƙarshe, yawa. Babu shimfiɗar da za ta bushe in an cusa kaji ashirin inda ya dace da biyar. A fili, kowace babbar kaza ta samu kamar taku ɗaya tsawo, taku ɗaya faɗi. In wurin bai kai ba, a faɗaɗa darni ko a rage kaji a kai kasuwa. Wanda kuma ya rufe kaza ya ɗauki nauyin cinta da shanta, don ya raba ta da bola da gara da fara.

Roƙona ga maza shi ne, kajin na mata ne, amma amalanke da jaki a hannunku suke. Kafin hadarin farko ya haɗu, kowane mai gida ya kawo yashi amalanke ɗaya, ya ɗaga ƙasan wurin, ya kafa rumfa. Iyayena mata kuma, gobe da asuba kafin ku saki kaji, ku ɗaga kaskon ruwa ku duba gindinsa, ku ɗauki tsako ɗaya ku duba idonsa. Abin da kuka gani ku kawo wa mataimakin likita.